Gaisuwar da Ta Maƙale a Hamburg

"Ina kwana, Amarya? An tashi lafiya?"

"Ban tashi ba. Wannan da kake gani hotona ne."

"Alhamdu lillahi, dama hoton muke nema. Miƙo hannu mu gaisa."

"Hannuna yana aiki."

Aikin da hannun yake yi kuwa, wallahi, riƙe ludayi ne kawai, don kokon da ke cikin kwanon ya ƙare tun ɗazu. Ina zaune a gefe da faranti a cinya ina tsintar wake, ina kallonsu. Ni ce Faridatu, autar Mma Barkisu, wannan tsohuwar da ta hana hannu. Wanda ya durƙusa a gabanta da hannu a miƙe kuma Latif ne, ɗan yayata Zaratu, Allah ya ji ƙanta. Yana rarrafe uwarsa ta rasu, Mma ta goya shi a gaban tukunyar wake da shinkafa da ta daɗe tana sayarwa a kasuwar Race Course, nan Kumasi, har ya zama mutum. Yanzu yana Hamburg, can Turai, yana aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Hutu ya zo, hutun kuma ya kusa ƙarewa.

Da ya shigo tsakar gida da safen nan, ya yi yadda ake yi. A Kumasi in ka tarar da mutane, daga hannun dama kake farawa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake kowa. In ka gama sai ka nemi wuri ka zauna, su kuma su taso su zo inda kake su mayar maka da gaisuwarka. Mu 'yan Zango da Asantawa duk haka muke yi. Ya gai da matan da ke bakin famfo, ya gaishe ni, ya iso kan Mma, ita ce ta ƙarshe, a nan gaisuwa ta cije.

Ga abin da ya haɗa su. Wurin aikinsa suna yin babbar walima duk ƙarshen shekara, bana kuma shi za su karrama. An ce ya zo da mutum ɗaya daga danginsa, an ware kujera kusa da tasa. Latif ya rantse babu mai zama a kai sai Mma. Yau ce ranar da ofishin fasfo suka ba ta don a ɗauki hotonta da yatsunta. In yau ta wuce, sai bayan ya koma, kuma kowa a gidan nan ya san in ba shi ya ja ta ba, duk Zango babu mai iya kai ta. Mai pragya, ɗan keken nan mai ƙafa uku, yana ƙofar gida yana jira. Mma kuwa ko ɗankwalin fita ba ta ɗaura ba.

Latif ya sauke hannu, ya jawo benci ya zauna.

"To, shi ke nan. Matan gida, ku shaida, na gai da matata ta ƙi. Ta fara raina ni."

"Fara? Tun kana tsirara nake raina ka," in ji Mma. "Wane irin miji ne zai tafi ya bar mace shekara da shekaru, ya dawo mata da takalmi kawai? Takalmin ma irin na masu yashe kwata."

"Na sanyi ne, Amarya. Da gashi a ciki."

"Ni akuya ce da zan yi yawo da gashi a ƙafa? Faridatu, ɗauko masa kayansa. Ya kai kasuwar Kejetia, masu tura baro za su sa masa albarka."

Ban motsa ba. Na san in na ɗauko, ni za ta fara zagi. Jiya da idona na gan ta a bayan ƙyaure ta zura ƙafa ɗaya a ciki tana juya ta.

"Tashi ki shirya," in ji Latif. "Yau ko ruwan duwatsu ake yi sai an ɗauki hotonki."

"Kai Boga!" Haka muke kiran wanda ya dawo daga Turai. "Ka bar tsohuwarka a nan, ka je kana yi wa tsofaffin wasu wanka, kana ba su abinci a baki. Duk cikinsu ka rasa wadda za ka ɗora a kan kujerar?"

"Su ba sa zagina, shi ya sa ba na jin daɗinsu."

"Ba su san ka ba ne. Ba ni lambarsu."

"Ki zo ki gaya musu baki da baki. Hoton ma ba wuya, an hana dariya a cikinsa. Cewa za a yi ki ɗaure fuska. Ke kuwa tun da aka haife ki kike shirin wannan hoton."

"Da na yi dariya a rayuwata, da ban aure ka na ga ta kaina ba."

"Ko dai haƙoran kike ɓoyewa? Kada ki damu, su ukun nan duk za su shiga fasfo ɗaya."

"Su ukun nan ne suka tauna maka ganda lokacin da kai ba ka da ko ɗaya, mara kunya."

Matan bakin famfo suka kwashe da dariya. Mai pragya ya danna oda daga waje. Ni kam raina ya fara ɓaci, don rana tana ɗagawa, kuma na san layin ofishin nan.

"Na gane," in ji Latif. "Jirgi kike tsoro."

"Ni? Ni da na hau saman buhunan goro daga nan har Tamale, da cikin uwarka, direban kuma yana gyangyaɗi? Jirgin ne zai ji tsorona. Tambaya dai nake da ita. Wannan abin da kake kira walima, biki ne ko me?"

"Biki ne, babba ma."

"An fitar da yayi?" Tana nufin atamfar da 'yan biki suke ɗinkawa iri ɗaya.

"Babu yayi. Maza dai duk baƙar kwat suke sawa."

"Inna lillahi! Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, murna ake yi."

"Da baƙaƙen kaya? To. Akwai kiɗa?"

"Akwai masu goge."

"Yawwa, da sauƙi. Ai sai in taka."

"Ba a rawa. Zama ake yi a saurara, in sun gama a tafa."

Mma ta ajiye ludayi ta dube ni. "Faridatu, kina ji? Mai goge yana goge, mutane suna zaune suna kallonsa kamar ya zo karanta musu hukunci. To mutum nawa zan gayyato? Ka san Magajiya, uwar matan unguwar nan, ba za ta yafe min ba in na je biki ban gaya mata ba."

"Ke kaɗai. Kujera ɗaya ce, da sunanki a rubuce a gabanta. Wanda ba a ba shi kati ba, ba ya shiga."

"Bikin da ake sa mai gadi ya hana mutane shiga! Me suke ɓoyewa? Abincin ne bai isa ba?"

"Abinci kala-kala. Wannan ya tafi, wannan ya zo. Cokula a damanki, cokula a hagunki, wasu a gabanki."

"Duk na mutum ɗaya? Baki nawa gare su?"

"Kowane abinci da nasa cokalin."

"In an tashi, ana ƙunsa wa mutum ya kai wa yara?"

"A'a."

"To me ya kai ni? Na sha sanyi, na sa gashi a ƙafa, na zauna cikin masu makoki, na dawo hannu sake? Su Magajiya su ce ina tsarabar biki, in ba su labarin cokali?"

Latif ya gyara zama, ya nuna ta da yatsa. "Tunda kin tabo zancen abinci, akwai ƙarar da na daɗe ina so in kai ki. Walimar farko da na je, da yunwa na kwana, kuma ke kika jawo min."

"Ni? Ina nan Zango ina fama da gwiwata?"

"Wa ya koya min in an miƙo abinci a gidan mutane kada in karɓa karon farko? Wa ya ce in ce na ƙoshi, sai an matsa min sau biyu sau uku?"

"Ni ce. Don kada a ce ɗan Barkisu mayunwaci ne. Ko da yake gaskiya ce."

"To, wani dogo ya zo da faranti, kifi ne wallahi, yana ta ƙamshi. Na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi, na gode. Sai ya ce to, ya juya."

"Ya tafi ya dawo?"

"Ya tafi tafiyarsa."

"Bai ce don Allah ka ɗan taɓa ba?"

"Ko waiwaye bai yi ba. Har cokulan kifin ya kwashe. Na zauna ina kallon na kusa da ni yana ci, cikina yana kuka, mai goge yana taya shi."

Mma ta riƙe baki, kafaɗunta suna rawa. "Na biyu fa?"

"Na biyu na yi niyyar karɓa. Amma harshen da kika hora ya riga ni, ya sake cewa na ƙoshi. Har matar da ke gefena ta tambaye ni ko azumi nake yi. Na ce eh. Da dare, Amarya! Azumin dare!"

Nan fa tsohuwa ta kasa riƙewa, ta yi dariya har da buga cinya. Latif ya miƙe da sauri ya nuna ƙofa.

"Kin yi dariya, kin faɗi. Tashi mu tafi."

"Tari na yi. Zauna." Ta goge ido da bakin zani. "Wurin da ake barin baƙo da yunwa don ya yi kunya, can kake so ka kai ni? Saki nake so. Faridatu, kira liman."

"Ba na saki. Ko liman ya zo, a cikin pragya zai same mu."

Mai pragya ya sake danna oda, wannan karon ya daɗe bai ɗaga hannu ba. Ni dai haƙurina ya ƙare. Zolayar kaka da jika ba ruwan uwa a ciki, na sani, amma wannan ta wuce zolaya. Na dire faranti har wake ya zube.

"Mma, don girman Allah ki gaya masa gaskiya. Ba jirgi ba ne, ba cokali ba ne. Ki gaya masa zancen Mma Nasira, ko ni in faɗa."

"Ke, tsinci wakenki! Wa ya sa bakinki?"

"Wace Mma Nasira?" in ji Latif. "Ta unguwar Dichemso?"

Mma ta ɗauki ludayinta ta juya shi a cikin kwanon da babu komai. Da ta buɗe baki, ba ta ce Boga ba, ba ta ce Maigida ba.

"Latifu, ɗanta ya kai ta Turai bara. Mun raka ta da guɗa. Ran da ya yi baƙi, manyan wurin aikinsa, sai ya kai mata abinci ɗaki, ya kunna mata talabijin, ya ja ƙofa. Tana jin dariyarsu ta bango har suka watse. Don tana ci da hannu, kuma ba ta jin Turanci. Da ta dawo kowa ta ce masa Turai da daɗi. Ni kaɗai ta gaya wa, tana kuka." Ta ɗago ta dube shi. "Ni ba a ja min ƙofa. Kuma ba na so in zama abin da za ka so ka ja wa ƙofa. Ranar girmanka ce. Ni na san kaina, in na shiga ɗakin nan, daga dama zan fara, sai na bi kowa na gaishe shi, har mai gadi. Su yi ta kallonka suna cewa ga kakar wancan, 'yar ƙauye. Gara in zauna a nan, in kunyata ka daga nesa."

Matan bakin famfo har suka kashe ruwan. Ni kaina tausayinta ya kama ni, na yi da-na-sanin buɗe bakina.

Latif ya koma kan benci a hankali. Sai ya ce, "Amarya, kin makara. Wannan kunyar na riga ki ci."

"Kamar yaya?"

"Ita dai walimar azumin daren. Na ɗan makara, na tarar duk an zauna. Ɗaki ne ya fi masallacin unguwar nan girma, tebura ko'ina, kowanne da mutane kewaye. Na tsaya a ƙofa na ce a raina, to Latif, kai ka tarar da su. Na gyara kwat, na yi bisimilla, na fara daga dama."

"A'a!"

"Wallahi. Tebur na farko na bi su kaf. Na biyu na bi su kaf. Wani tsoho yana kai cokali baki na tsaya a kansa, dole ya ajiye ya ba ni hannu. Masu raba abinci suna jere a jikin bango, su ma na bi su."

"Ai mutane ne."

"Masu goge suna tsakiyar goge, na ga ba daidai ba ne in tsallake su. Na tsaya gaban na farko da hannu a miƙe har ya daina."

"Kiɗan ya tsaya?"

"Cak. Shugabar wurinmu kuma ashe ta tashi za ta yi jawabi, tana riƙe da takarda, tana jira in gama. Ni kuwa saura rabin ɗaki. Na ce in na tsaya a nan, na hagu za su ce na raina su. Na ci gaba, gumi yana bin bayana, ba ka jin komai sai ƙarar takalmina."

Matan famfo sun riƙe ciki. Mma tana dariya tana nuna shi da ludayi.

"Ɗan halak! Ita shugabar ka gaishe ta?"

"Ita ce ta ƙarshe, kamar ke yau. Ita dai ta ba ni hannu."

"Ba ta san ka ba ne, na gaya maka. To madalla, ka yi yadda aka koya maka. Sai ka zauna."

"Sai na zauna."

"Sai suka taso."

Latif ya sosa ƙeya.

"Na ce sai suka taso suka zo suka mayar maka."

"Na goge tafin hannuna a wando, na ɗora shi a kan tebur, na gyara zama ina jira. Na matsar da kujerata baya ma, don su sami hanyar wucewa. Shugaba ta yi jawabinta, aka tafa. Aka kawo kifi. Aka kwashe. Ina ta duban ƙofa, ina duban tebura, ko wani zai miƙe."

"Ko mutum ɗaya?"

"Ko ɗaya, Mma."

Ya ce Mma, bai ce Amarya ba. Dariyar da ke fuskar tsohuwa ta ɗauke gaba ɗaya.

"Ba mugaye ba ne," in ji shi. "Sun amsa min da fara'a, washegari ma ana ta ja na da wasa. Ba su san ana mayarwa ba ne kawai. Amma ni daga ranar na ce ba zan ƙara ba. Da shekara ta zagayo na je da wuri, ban gai da kowa ba, na nemi sunana na zauna. Na riƙe cokali yadda suke riƙewa, aka miƙo abinci na karɓa karon farko. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Kowa da nasa a gefe, wannan da matarsa, wannan da uwarsa. Kujerar gefena babu kowa. Can sai dogon nan ya zo ya tambaye ni ko akwai mai zuwa. Na ce babu. Ya kwashe farantin da cokulan, ya ɗauke kujerar ma ya kai bango. Ran da na ji kunya, na koma gida na yi dariya. Ran da na yi komai daidai, na koma gida na yi kuka kamar yaro."

Ya share fuska da tafin hannu, ya miƙe tsaye.

"Saboda haka ki ji da kyau. Bana sunana za a kira a gaban kowa, kuma ba za a sake ɗauke kujerar nan ba. Daga dama zan fara, ko sun so ko ba su so ba, kuma yaro ba ya shiga gaban babba a gaisuwa, ke ce a gaba, ni ina bayanki. Ki ci da hannu, ni zan zuba miki ruwan wankewa. In kin ƙi tashi yanzu, wallahi da kujerar da kike kai zan ɗauke ki in sa a pragya."

Na ɗauka za ta zage shi. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ƙasa take kallo, tana kaɗa ƙafa, kuma duk wanda ya san Mma ya san in ta fara kaɗa ƙafa, wani zai ji a jikinsa.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Ka bi su duka?"

"Duka."

"Hannu da hannu?"

"Hannu da hannu."

"Har mai goge?"

"Har mai goge."

"Suka karɓa suka zauna a kai? Shekara nawa yanzu, gaisuwar jikana tana hannunsu?"

"Na ce miki ba su sani ba ne."

"Ba su sani ba! To ba a koya musu ba ne. Duk garin babu tsohuwa ɗaya mai baki? Waɗanda kake yi wa wankan fa, me suke yi?" Ta buga ludayi a kwano. "Yaron da na goya a cikin hayaƙi, na koya masa gaisuwa tun bai iya tsarki ba, ya je ya gai da ɗaki guda, a bar shi da hannu a kan tebur? Faridatu!"

"Na'am, Mma."

"Ɗauko min leshina mai ruwan zuma, da mayafin Sallah. Da takalmin akuyar nan ma, in ga ko zai shiga da safa."

"Ai ya shiga jiya," na ce.

"Wa ya tambaye ki?"

Latif ya washe baki. "Amarya ta sauko ke nan?"

"Sauko? Ka ga na hau wani abu ne? Ba don kai zan je ba, miji mara cefane. Gaisuwa zan je karɓowa. Zan bi su daga dama, in zauna a kan kujerar nan, in ajiye hannuna a kan tebur. Kai kuma ka tashi ka gaya musu da yarensu cewa tsohuwar nan ta zo daga Kumasi, kuma ba za ta taɓa kifi ba sai an taso an mayar mata, tata da ta jikanta. Mu ga wanda zai fara gajiya, ni ko mai goge."

"In dogon ya miƙo faranti fa?"

"Zan ce na ƙoshi, amma ina riƙe da bakin farantin."

Muka fashe da dariya, har mai pragya ya leƙo ya ga ko lafiya. Na shiga na ɗauko kaya, na taya ta shiryawa a nan tsakar gida, tana ta faɗa wai na karkata mata ɗauri. Da ta gama, Latif ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?" ta ce. "Koma ka zauna."

"Mma, lokaci yana tafiya."

"Na ce ka zauna a inda kake."

Ya koma kan benci yana duban agogo. Mma ta dafa bango ta miƙe. Na kai hannu zan riƙe ta, ta ture ni. Daga kujerarta zuwa bencin nan ba nisa, amma da gwiwar Mma tafiya ce. Ta taka a hankali, leshi yana jan ƙasa, har ta tsaya a gabansa. Matan famfo da suka gane, suka goge hannu a zani suka jeru a bayanta, ni ma na bi layi.

Mma ta miƙa masa hannu.

"Sannu da zuwa, Latifu. Ka zo lafiya? Ya hanya? Ya sanyi? Ya zaman kaɗaici?"

Ya kama hannun da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Hawayensa ya ɗiga a kan hannunta. Ni ma hawaye ya zubo min, ban ɓoye ba. Ta bar shi ya riƙe, ta daɗe, sannan ta kwance bakin mayafi da ɗaya hannun, ta ciro farin goro ta cusa masa a aljihu.

"Wannan ta gida ce, na mayar," ta ce tana dariya, haƙoran nan uku duk a waje. "To sake min hannu haka, mijin banza. Akwai Turawa cike da ɗaki suna jiransa."